Ƙafafun Motar Baba da Idon Iya

Tudun Wada, Gusau,
Jihar Zamfara.
Ranar Lahadi, bayan la'asar.

Zuwa ga Baffana Ɗayyabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga mahaifinta, tare da ladabi da biyayya, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Juwairiyya da yara duka. Yaya aiki, yaya kuma ruwan Fatakwal da ake ce mana ba ya ɗaukewa? Allah ya ƙara maka lafiya da buɗi, ya tsare ka a inda kake, ya dawo mana da kai cikin aminci. Idan ka tambaye mu, muna nan lafiya, sai godiyar Allah.

Baba yana nan yana zuwa aikinsa Tsafe kullum da safe, ya dawo tun rana tana sama, don ka san yanzu ba mai son yamma ta yi masa a hanya. Inna ta rabu da ciwon haƙorin da ya dame ta. Shafa'atu ta shiga aji huɗu, Amina kuma ta fara tafiya, ba abin da za ta gani a ƙasa ba ta kai baki ba. Damina ta yi albarka bana. An yanke gero a gonar gida, dawa ma ta fid da kai. Ni kuma na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, an ba ni wurin zama kusa da taga.

Baffa, ka yi haƙuri da abin da ya faru ranar da ka bugo waya ka ce a ba ni. Ina jin muryarka sarai, amma bakina ya ƙi buɗewa. Ka ce ka gaji da amsar Baba, komai ka tambaya sai ya ce lafiya lau, kana son wanda zai ba ka labarin idon kakarmu Iya da na motar da ka bar masa tiryan-tiryan. Da na ji maƙwabcinmu Malam Zakari zai koma wajenku jibi, sai na ciro takarda daga tsakiyar littafina. A rubuce ba na jin kunya sosai. Idan ka ga kuskure, ka rufa mini asiri.

Ka san tun bara yanar ido ta rufe wa Iya gani, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Da farkon damina Baba ya je ɗauko ta daga gidanmu na bayan Bungudu don likita ya duba ta, aka ce in bi shi domin ni ce mai riƙe mata hannu. 'Yar ƙaramar motar nan taka, mai ƙofar baya da ake ɗagawa sama, injinta ƙalau yake, bugu ɗaya take tashi. Amma tafiyarta ta zama ta kwale-kwale. Idan ta faɗa rami ta fito, sai ta yi ta gyaɗa kai kamar ƙadangare, sau uku, sau huɗu, kafin ta natsu. Idan aka zo kwana kuma sai ta kwanta gefe guda, duk wanda ke ciki ya zube kan ɗan'uwansa. Mu mun saba, har Shafa'atu tana jin daɗin abin. Iya kuwa ba ta ganin rami balle ta shirya masa, sai dai ta ji an ɗaga ta an sauke.

A asibiti likita ya ce idon zai gyaru. Ya ce akwai likitocin ido da za su zo su yi mako ɗaya tak a watan goma, ya rubuta sunan Iya ranar Talata. Ya ja wa Baba kunne cewa idan aka bari ranar ta wuce, sai baɗi, kuma ba ya ba da tabbacin yanar za ta jira har baɗi ba ta ɓata idon gaba ɗaya ba. Muka fito da murna. A hanyar mayar da ita ne, wajen wata kwana kafin a sauka daga kwalta, tumaki suka keto hanya. Baba ya murɗa sitiyari ya kauce musu, motar ta yi hagu, ta yi dama, bayanta ya nemi ya wuce gabanta. Allah ya kiyaye ba mu faɗa kwari ba, amma kan Iya ya bugi gilashi har ya yi ƙulu. Ba ta yi kuka ba, salati kawai take yi. Da muka isa gida ta zauna a tabarmarta, ta sha ruwa, sannan ta ce wa Baba ita da wannan mota har abada. Wai duhun da ta sani ya fi mata ramin da ba ta sani ba. Ka kuma san motar haya ba ta shiga can, sai babur, Iya kuwa da ƙugunta ba ta iya hawa babur. Ke nan ko wannan mota, ko ido ya tafi.

Sai Baba ya kai motar wurin Malam Dogo, wani dattijon bakanike da garejinsa ke bayan tasha a Tsafe. Direbobin kasuwa duk wurinsa suke kai gyaran ƙafa, wato duk abin da ke tsakanin taya da jikin mota. Baba ya ce masa motar tana shiga ƙauye, hanyar ba kyau, a ƙarfafa mata ƙafa. Bai ce komai game da Iya ba, don ka san shi bai iya kai maganar gida waje ba. Malam Dogo kuwa da ya ji ƙauye, sai ya yi abin da ya saba yi wa kowa. Ya cire sifirin na baya, waɗannan ƙarafa masu naɗi kamar gammo, ya sa na wata babbar mota. Ya yanko tsohuwar taya ya cusa a tsakanin naɗin don su ƙara tauri. Mai faci kuma ya ɗura wa tayoyin iska har suka yi kamar dutse. Da aka gama, aka aro buhun masara biyar daga wani direba aka loda mata, ko gezau ba ta yi ba. Mutanen gareji suka ce aiki ya yi. Baba ya dawo da ita gida bayanta a sama, gabanta a ƙasa, kamar akuya tana shan ruwa a rafi. Maƙwabta suka yi ta yaba ta, wai ta koma budurwa.

Asabar ta zagayo muka tafi gaishe da Iya da kai mata albishir. A nan ne abin ya fara ba ni mamaki. Duk zuwan da muka yi, Iya takan ba ni nono a ƙwarya in kawo wa Inna, in ɗora a cinya in rufe da faifai. Kullum sai na sha faɗa don na ɓata hijabi. Saboda haka na san halin nono a cikin motar nan fiye da kowa. A da, nonon yakan yi lilo ne, ya tafi gefe ɗaya a hankali, ya dawo, ya sake tafiya, sannan ya malalo ta baki. Amma ran nan ba lilo yake ba, tsalle yake. Ko ɗan ƙaramin dutse muka taka sai faifan ya ɗaga, nono ya fantsamo mini har haɓa. Haƙorana suna ta haɗuwa. Inda hanya take da gargada kuwa, sai na ji bayan motar yana zamewa gefe kamar ba ya taɓa ƙasa. Na ga Baba ya riƙe sitiyari da hannu biyu. Na yi ta tunani, yaya motar da ta ɗauki buhu biyar ba ta ji ba za ta kasa ɗaukar ƙwarya ɗaya?

Mako na biyu na yi wani abu da ban gaya wa kowa ba. Na ɗauki tsohuwar ƙwaryar Inna, na ja layi da gawayi a cikinta, na cika ruwa daidai layin, na rufe da faifai kamar abin saƙo ne. Daga Gusau zuwa inda ake sauka daga kwalta, ruwan ya ragu da yatsa ɗaya. Daga nan zuwa ƙofar gidan Iya ya ragu da yatsa uku. Da za mu dawo, sai aka sa mana buhun sabon gero uku a baya. Na sake cika ƙwaryar a randar Iya. Baffa, har muka iso Tudun Wada ko rabin yatsa bai zube ba. Motar ta kwanta luf, tana tafiya kamar an shafa wa hanya mai. Sai na gane Malam Dogo bai yi ƙarya ba, motar ta gyaru, amma ta gyaru ne don buhuna. Iya kuwa duk jikinta bai kai rabin buhu ba.

To, sani daban, faɗa daban. Ni ce ɗiyar fari, ka san yadda muke da Baba. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce wa Inna ina waccan take. Ni ma ban taɓa tsayawa gabansa na fara magana ba, balle in ce masa gyaran da ya yi alfahari da shi bai yi ba. Na gaya wa Inna, ta ce in rufa mata asiri, ina ruwan ɗiya mace da ƙarfen mota. Amma daga baya ta ce ita ma bayanta bai daina ciwo ba tun ranar da aka kai ta barka a cikin motar, kada dai garin gyaran gira a rasa ido. Duk da haka ta ce ba da bakinta ba. Kwana yana ta tafiya, saura mako uku ranar Talatar Iya.

Wurin Iya kaɗai nake da baki, don ita kullum cikin tsokanata take, wai ni kurma ce da aka haifa da harshe don ado. Da muka sake zuwa, ina tsefe mata kai a bayan ɗaki na ba ta labarin ƙwarya da gawayi. Ta yi dariya har da tari, ta ce ashe shiru-shirun nan ba na banza ba ne, munafunci nake dafawa a ciki. Da Baba ya shigo yi mata sallama, ya fara lallashinta cewa an gyara mota, ta gwada ko nan da bakin hanya. Ta ce ya zauna. Ta zayyana masa komai a gabana, har da yawan yatsun. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce ai abin mai sauƙi ne, ranar tafiya sai a ɗora buhu uku a baya, ta zauna a gaba. Iya ta ce sam. Ta ce ba za a fita da ita daga garin nan da buhunan gero a baya ba, mutane su ce ɗanta ya zo ya kwashe uwar da rumbunta. Ya ce to a sa yashi. Ta ce ita ba ginin masallaci ba ce da za a kai ta da yashi. Ta ce in dai mota ba ta iya ɗaukar tsohuwa ita kaɗai, a bar tsohuwa inda take.

A hanyar dawowa na maƙale a lungu ina jin na yi laifi. Kwana biyu ba abin da ya faru. Ranar Juma'a da yamma ina wanke-wanke, na ji ya ce wa Inna ta gaya wa waccan ta shirya gobe da safe za ta raka shi Tsafe, kuma ta ɗauko ƙwaryarta.

Ban taɓa shiga gareji ba sai ranar. Ƙasar wurin baƙa ce ƙirin saboda baƙin mai, ga ƙarafa jibge ko'ina, ga maza cike a kan benci ƙarƙashin dalbejiya suna jiran a gama musu aiki. Ni kaɗai ce mace, ga ƙwarya a hannu. Wani direba ya tambaya ko fura ce ta sayarwa, a dama masa. Na ja hijabi na rufe rabin fuskata. Malam Dogo dogo ne da gaske, sai ya sunkuya yake magana da mutane, gemunsa fari, hannunsa baƙi. Baba ya yi masa bayani a gajarce, wannan karon har da maganar Iya da idonta. Malam Dogo ya dube ni, ya dubi ƙwaryar, ya ce shekararsa talatin da wani abu yana wannan aiki, an gwada shi da buhu, an gwada shi da shanu, yau kuma ga injiniya ta zo da ƙwarya. Mutane suka yi dariya. Amma shi da kansa ya ɗebo ruwa a buta ya cika har layin gawayin, ya ce in shiga baya. Ya karɓi makulli, Baba ya zauna gefensa.

Ya bi da mu wata hanyar ƙasa a bayan gari, ya juya madubi yana kallon ƙwaryar maimakon hanya. Kafin mu yi nisa hijabina ya jiƙe sharkaf. Ya tsaya, ya sauka, ya danna bayan motar da ƙarfinsa duka, ta ƙi motsi. Ya zagaya ya danna gabanta ya saki, sai ta yi ta rawa ita kaɗai. Ya tsaya yana shafa gemu. Ya ce wa Baba, Malam Sama'ila, laifin namu ne mu biyu, kai ba ka faɗa ba, ni ban tambaya ba. Ya ce shi duk wanda ya zo masa tambayarsa ɗaya ce, buhu nawa za ta ɗauka, ba wanda ya taɓa cewa a gyara masa mota don tsohuwa mai nauyin kaza. Ya ce ciwon motar tun farko ba a sifirin yake ba, shokozoba ne suka mutu duka huɗun, shi kuwa ya bar matattu a ciki ya ƙara wa masu rai ƙarfi.

Ni ban san mene ne shokozoba ba, ina so in tambaya amma na kasa. Ina jin ya gani a fuskata, don da aka ɗaga motar a jak aka ciro na farko, sai ya miƙo mini. Wani ƙarfe ne kamar taɓarya ƙarama, da sanda mai shiga da fita a cikinsa. Ya ce in danna. Na danna ya shige fuu, ba wuya. Ya ba ni sabo ya ce in danna, na sa ƙarfina duka, sai a hankali yake shiga, in na ja kuma a hankali yake fitowa. Ya ce sifirin shi ne gwiwar mota, shi ke lanƙwasa ya karɓi rami, amma ba shi da hankali, in ya fara tsalle bai san tsayawa ba. Shokozoba shi ne babba a gidan, shi ke ce masa ya isa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba, na ce ashe kamar ganyen da ake sakawa a bokitin ruwa ne in an ɗebo daga rijiya, don kada ya yi ta tangaɗi. Nan take na yi da na sani. Malam Dogo ya ce shi bai taɓa ɗaukar ruwa a ka ba, amma daga yau da wannan misalin zai riƙa yi wa direbobi bayani, ko Allah zai sa su gane. Direban nan mai neman fura ya ce su dai a bar su da buhunansu.

Sai da Malam Dogo ya sa aka yanka tsohon shokozoban da zarto don in ga cikinsa. Ashe mai ne a ciki, da wani ɗan faifan ƙarfe mai ƙananan huji kamar na rariya. Wai idan sandar ta motsa dole man ya bi ta hujin nan, shi ya sa ba ta iya sauri. Namu man ya tsiyaye tun tuni, ɗan abin da ya rage baƙi ne kamar kwalli. Na yi ta mamaki, Baffa, a ce ran mutum huɗu ko biyar yana rataye da ɗan hujin da bai kai ƙwayar gero ba.

Aikin ya ci wuni biyu. Ya cire manyan sifirin da guntayen tayar, ya nemo na asalin girmanta. Ya sa shokozoba huɗu sababbi, ya ce ba a canza ɗaya a bar ɗaya, kamar a sa wa mutum takalmi a ƙafa guda ne. Ya canza wasu robobi da ake kira bushin, waɗanda ke hana ƙarfe gugar ƙarfe, namu duk sun tsattsage kamar kaushi. Akwai kuma wata sanda a ƙarƙashin gaba da ke haɗa ƙafar hagu da ta dama, ita ce ke hana mota kwanciya a kwana. Ashe tamu ta kwance a gefe ɗaya, wa ya san tun yaushe, wani ya ɗaure ta da waya. Bayan nan aka kai ta Gusau aka daidaita tayoyin gaba su kalli wuri ɗaya, aka kuma rage musu iska. Malam Dogo ya ce wa Baba ya daina barin mai faci yana auna iska da bugun yatsa. Ya kuma ce yanzu kada ya ɗora mata fiye da buhu biyu, ta tashi daga jaka ta koma doki. Da Baba ya danna ta ya saki, sau ɗaya ta ɗago ta tsaya cak. A hanyar Tsafe zuwa Gusau na ga ya saki hannu ɗaya daga sitiyari ya ɗora a taga, abin da na daɗe ban ga ya yi ba. A kwana kuma ban zame daga wurina ba.

Saura Iya. Muka je ranar Lahadi, jibi ke nan aiki. Baba ya yi bayani, ta ce haka ya faɗa wancan karon. Na ce mata na gwada da ƙwarya, ko rabin yatsa bai zube ba kuma babu buhu ko ɗaya. Ta ce ita ba ta ganin layin gawayi, za mu iya haɗa baki da ubana mu cuci makauniya. Baba ya fita ya tsaya a zaure, na ga abin ya dame shi ƙwarai. Mata suka taru suna ba ta baki, tana cewa ita da ta haifi maza biyar ba za a yi mata wayo ba. Can sai ta ce a kawo mata ƙwaryarta ta nono, a cika ta da ruwa har baki, ba layi ba komai. Ta ce ita za ta riƙe da hannunta, a kai ta bakin kwalta a dawo. Idan zanenta ya jiƙe, kada wanda ya sake yi mata maganar asibiti har ta mutu. Ni kuwa na san har baki ko a ka aka ɗauka sai ya zuba. Na dubi Baba, ya ce a yi yadda ta ce.

Na zaunar da ita a baya, na zauna kusa da ita. Ta rungume ƙwaryar, ta sa manyan yatsunta biyu a bakinta don ta ji ruwan. Baba ya yi bisimilla ya ja a hankali. Ramin farko, motar ta sauka ta hau, ruwan ya yi rawa ya taɓa yatsunta ya koma. Wajen gargadar nan ya ɗan zubo, ɗigo kaɗan a kan gwiwarta. Ta shafa wurin da gefen hannu. Ta ce wa Baba wannan tafiyar hawainiya ta mece ce, ya taka mota yadda mutane ke takawa, ba ta son a yi mata ha'inci. Ya ƙara wuta. Muka wuce gonaki, muka sha kwanar kuka, har tayoyin suka hau kwalta. Baba ya tsaya zai juya. Iya ta laluba zanenta sama da ƙasa, sannan ta ɗaga ƙwaryar ta sha ruwan, ta miƙo mini saura. Ta ce juyawar me zai yi, tunda an riga an fito a wuce Gusau, kayanta a aiko da su gobe. Haka muka iso da ita Tudun Wada ba ko ɗankwalin canji, sai na Inna ta ara.

Ranar Talata aka yi aikin a idon dama, bai ɗauki lokaci ba. Laraba da safe aka cire audugar. Ta daɗe tana ƙifta ido, sannan ta dubi Baba ta ce yaushe ya yi furfura haka ba a gaya mata ba. Likita ya ce aiki ya yi kyau, na hagun ma za a duba shi nan gaba. Na riƙo hannunta don mu fita, ta fizge, ta ce ta sallame ni daga aiki. Da muka iso inda aka ajiye motoci, Baba ya buɗe mata ƙofa, sai ta ja ta tsaya. Ta zagaya motar a hankali. Ta ga ƙofa ɗaya ja ce sauran jikin fari, ta ga tsagar gilashin gaba, ta ga fitilar da aka liƙe da salatif. Ta tambaya ko wannan ce. Baba ya ce ita ce. Ta ce Allah mai hikima ne da ya rufe mata ido tukuna, don da ta ga wannan abin tun farko, ko an cika ƙwarya goma ba ta shiga. Sannan ta ce in koma baya, ita gaba za ta zauna.

Ta yi mako biyu a wurinmu ana ɗiga mata magani. Jiya muka mayar da ita. Tun daga Bungudu take manne da taga, tana faɗin gonar wane ce wannan, waccan ta wane ce, wa ya yi noma da kyau, wa ya bar ciyawa ta ci dawarsa. Wai shekara biyu ana ce mata maƙwabcinta Arzika manomi ne, yau ta ga ƙarya. Da za mu taho ta riƙe ni ta ce in rubuta maka, ba ta son saƙo, ba ta son waya. Shekara biyu tana jin muryarka a cikin duhu. Ta ce ka zo da kanka ta dube ka tun idon yana sabo.

Ina da tambaya ɗaya, idan ba za ka yi mini dariya ba. Manyan motocin da kuke gani a can, su ma ɗan hujin nan ne ke riƙe da su, ko nasu daban ne? Idan ka zo sai ka gaya mini, ko ka rubuto.

Ka gaishe mini da Anti Juwairiyya ƙwarai da gaske, da Abdulsalami, da Nana, da Mansura da ban taɓa gani ba sai a hoto. Inna tana gaishe ku, Shafa'atu ta ce a sa sunanta da manyan baƙaƙe. Mutanen Rawayya da na Kekun Waje da suka zo duba Iya duk sun ce a isar maka da gaisuwa. Baba bai san ina rubutun nan ba, amma na san yana gaishe ka. Allah ya sada fuskokinmu da alheri, ya ba ka ikon amsa kiran Iya da wuri.

Wassalam. Ni ce ɗiyarka mai yi maka addu'a kullum,

Muzdalifa Sama'ila.